Watanda da Kwalin Katin 'Yan Wasa

Duk mutumin Birnin Kudu ko Gwaram da ya taɓa shiga watanda ba zai sha wahalar gane abin da masu tara katin 'yan wasa suke yi a Amurka da Turai ba. Abu ne ya fi ƙarfin aljihun mutum ɗaya, sai jama'a su haɗa kuɗi su saya, a taru a buɗe a gaban kowa, a raba. A nan sa ake kayarwa, a can kuwa kwali ne a rufe ruf, cike da katunan 'yan wasa. Samarinmu masu kwana a TikTok da YouTube suna cin karo da bidiyon buɗe irin wannan kwali, abin yana burge su. To amma kama da wane ba wane ba ne.

Katin dai tsohon abu ne. Kamfanonin taba na Amurka suka fara cusa shi cikin kwalin sigari tun kafin 1900, daga baya masu cingam irin su Topps suka karɓa. A Italiya kuma 'yan gidan Panini na garin Modena sun fara buga hotunan 'yan ƙwallo a 1961, kuma tun gasar cin kofin duniya ta Meksiko a 1970 suke fitar da kundin da ake manna hotunan a ciki. Najeriya ta samu nata shafin a 1994, shekarar su Rashidi Yekini da Daniel Amokachi. Mu nan abin da ya iso hannun yara shi ne cingam mai hoto. Yaro ya saya a teburin bakin titi, ya jefa cingam a baki ba tare da ya ko dube shi ba, hankalinsa na kan 'yar takardar da aka naɗo, ko ɗan ƙwallo ne ko jarumin fim ɗin Indiya.

Kuɗi ne suka sauya lamarin. A watan Agusta na 2022 an sayar da katin Mickey Mantle, wani ɗan wasan besbol, wanda Topps ya buga a 1952, a kan dala miliyan 12.6. A shekarar kuma katin Pele na 1958 ya haura dala miliyan ɗaya. Har kamfanoni ne da su masu duba lafiyar kati, su ba shi maki daga 1 zuwa 10, su rufe shi cikin roba. Masu bugawa da suka ga haka sai suka riƙa sa katunan da ba su da yawa da gangan: wannan da sa hannun ɗan wasa, wancan da ƙyallen rigarsa, wani ma ƙwaya ɗaya tak aka buga a duk duniya. Kwali ya yi tsada, sai dillalai suka fito da dabara. Mutum ya sayi kwali, ya kasa shi gurbi-gurbi ya sayar, a yi ƙuri'a kowa ya samu kulob ɗinsa, sannan ya zauna gaban kyamara yana farke leda kai tsaye. Duk katin da ya fito na kulob ɗinka, naka ne. Idan ba ko ɗaya, sai haƙuri. Harkar ta bunƙasa ne a 2020, lokacin kullen korona, da mutane suka rasa wurin zuwa.

Yanzu a zo watanda. Ma'aikatan ofis ɗaya, ko 'yan majalisa ɗaya, ko masu sallah a masallaci ɗaya, su yi ta zubi, wasu tun watanni kafin azumi. Jajibirin Sallah ya matso, a tura mutum biyu ko uku da suka san dabba, su shiga kasuwar Birnin Kudu ko ta Sara, su taɓa ƙirji, su duba haƙori, su yi ciniki. Da asuba a kayar da sa, mahauci ya feɗe, a shimfiɗa buhuna ko leda. Daga nan ne ainihin aikin yake farawa. Tsoka daban, ƙashi daban, kitse daban, hanta da tumbi da huhu da hanji kowanne sai an yanka shi daidai yawan masu rabo. Mahauci yana bi yana ɗiga wa kowane tuli, mutane sun yi da'ira sun zuba ido. Can sai ka ji wani dattijo ya nuna da sanda: "Sarkin fawa, wancan na ƙarshe ƙashi ya yi masa yawa, a ɗan ƙara masa tsoka." Shi kuma ya ce, "An gama, Baba," ya tsakuro daga wanda ya fi ya ƙara. Kai da ƙafa da fata, waɗanda ba sa rabuwa, ko dai a yi musu kuɗi wani a cikin 'yan watandar ya saya, ko su shiga ladan aiki.

Wani zai ce ai a watanda ma akan yi ƙuri'a. Haka ne. Kowa ya ba da alamarsa, tsinke ko tsakuwa ko marfin kwalba, a kira yaron da bai ga wa ya ba da me ba, ya bi yana ɗorawa a kan tulin nama. Sai dai a lura da lokacin da ake yin ta. Ba a kiran yaron sai an gama daidaitawa, sai kowa ya yarda cewa ko wanne ya faɗo masa ba a cuce shi ba. Aikin ƙuri'ar a nan ta kashe zargi ne kawai, kada a ce mahauci ya fifita surukinsa. A wurin buɗe kwali kuwa ƙuri'ar ce hajar. Tun daga ma'aikata aka tsara cewa rabon ba zai zo daidai ba, ɗaya zai tashi da abin da ya ninka kuɗinsa sau ɗari, yawanci kuma su tashi da katunan da ba su kai kuɗin aikawa ba. Da za a daidaita rabon yadda mahauci yake yi, ba mai sayen gurbi.

Ɗalibin da ya zauna a zaure ya karanci babin ciniki a Risala ya san inda wannan ya dosa. Malamai kan kawo misalin sayar da kifi yana cikin ruwa, ko ɗan tayi yana cikin uwarsa, su ce cinikin garari ne, domin mai saye bai san abin da ya biya kuɗi a kai ba. Hukunci na malamai ne, ba nawa ba. Amma ko a ƙasashen da ba ruwansu da Risala an yi wannan tambayar: a 2018 hukumar kula da caca ta Beljiyam ta ce akwatunan sa'a da ake saye da kuɗi a wasu wasannin bidiyo caca ne, har kamfanin EA ya daina sayar da makin wasan FIFA a ƙasar a farkon 2019. Kuma bidiyon da ke yawo a wayoyin samarinmu na wanda ya ci ne, yana ihu yana tsalle. Sauran da suka biya suka tashi hannu rabbana, ba a yanko nasu.

Duk da haka ba zan yi wa katin rashin adalci ba, yana da abin da nama ba shi da shi. Naman watanda kwana uku ne, in an soya da kyau ya ɗan ƙara. Kati kuwa yana ajiye zamani. Wanda ya adana kundin Rasha na 2018 zai iya buɗe shafin Najeriya ya ba ɗansa labarin ranar da Ahmed Musa, tsohon ɗan Kano Pillars, ya zura wa Aisland biyu, ya gaya masa gidan kallon da ya zauna da yadda benci ya kusa karyewa. Sannan daɗin taron ma na gaske ne. Masu buɗe kwali suna sanin juna, suna zolayar juna, suna taya wanda ya dace murna, kamar dai yadda 'yan Arsenal da 'yan Chelsea ke cika gidan kallo a Gwaram da musu har a tashi ba wanda ya saurari wani. Ba kuɗi kaɗai ke zaunar da mutum awa biyu yana kallon hannun wani yana farke leda ba.

Abin da ya fi kusa da watanda a duniyar kati shi ne musaya, ba buɗe kwali ba. Yaran cingam sun san ta ba tare da an koya musu ba: kana da Okocha biyu, ina da Kanu biyu, ba ni in ba ka. Wani farfesan lissafi a Jami'ar Cardiff, Paul Harper, ya auna abin a 2018. Kundin shekarar gurbi 682 ne. Ya ce mai saye shi kaɗai, saboda yawan maimaici, zai kashe kusan fam 774 kafin ya cika shi, amma idan mutum goma suka haɗu suna musaya, kuɗin kowannensu zai sauko zuwa kusan fam 247. A nan taro ya rage wa kowa asara, kuma kowa ya ga abin da zai karɓa kafin ya miƙa nasa. Kamfani ne kawai ba ya cin riba sosai a irin wannan zama.

Shi ya sa ya kamata a san masu riƙe da harkar a yau. A farkon 2022 kamfanin Fanatics ya sayi sashen katin Topps. A 2023 ya buɗe dandalinsa na Fanatics Live, inda dillalai ke buɗe kwali kai tsaye, kuma yana da reshen cacar wasanni mai suna Fanatics Sportsbook. Ke nan mai sayar da san, da mai filin da ake yanka, da mai rumfar cacar da ke maƙwabtaka, duk mutum ɗaya ne. A Birnin Kudu ko mahauci ya shiga watandar da shi zai raba, sai an sa wani ya tsaya a kansa.