Bargon da ke ƙarƙashin kapo: ƙaramin abu mai iya cinye jarin ƴan kasuwa

Wata ranar kasuwa cikin watan Afrilu mun shiga Hiace daga Maraɗi za mu Damagaram. Mota cike take, bisa an ɗaure buhunan barkono da dilolin atamfa, ciki kuwa mata ne suka fi yawa, kowacce da ƙullinta. Mun wuce Gazawa ke nan, ba mu kai Tasawa ba, sai wata dattijuwa da ke zaune gaba ta taɓa direba ta ce: "Ɗan nan, tsaya, ina jin ƙaurin tsumma." Direba ya ce mata: "Hajiya, ƙila daga waje ne, ana ƙona gona." Ba ta yarda ba, ta dage sai da ya sauka gefen gudaro. Da aka ɗaga kujerar gaba, inda injin Hiace yake, sai ga wani baƙin abu kamar tsohon bargo ya saki, ya kwanta bisa bututun hayaƙi yana ci sannu-sannu, babu harshen wuta tukuna. Yaron mota ya fizge shi da filaya, aka rufe shi da rairayi. Da Hajiya ta yi shiru don kunya, to Allah kaɗai ya san yadda ranar za ta ƙare.

Wannan bargon shi ne abin da muke son mu tattauna da ku yau, musamman ku da hajarku ke kwana bisa hanya, da ku alhazai da hajiyoyin da kuka sayi taksi ko motar haya kuka ba direba.

Duk wanda ya taɓa leƙa ƙarƙashin kapo, wato murfin inji, zai ga wani faifai baƙi ko toka-toka manne da ƙarfen ta ciki. Akwai irinsa a bangon da ya raba inji da wurin zaman mutane. Masu ƙera mota suna yin shi da zaren gilashi ko matsattsen ulu, wani lokaci da wani soso na musamman, su lulluɓe shi da ƙyalle mai jure zafi, wani kuma da takardar alminiyom. Aikinsa na farko shanye ƙarar inji, shi ya sa ya fi kauri a motocin gazuwal, waɗanda suka fi na esansi ruri. Na biyu tare zafi, kada ya dafa fentin kapo ko ya shiga wajen fasinja.

Matsalar ita ce motocin da ke ɗaukar mu ba yara ba ne. Mafi yawansu sun gama aikinsu a Turai kafin a sauke su a tashar Kwatano ko ta Lome. Mercedes 190 an daina ƙera ta tun 1993, tsohuwar Toyota Starlet da ta yi suna cikin taksin Yamai kuwa tun 1999. Bargon da aka manna shekara 25 ko 30 da suka wuce, ya sha sanyin Turai, ya zo ya sha bazarar Tawa da Damagaram inda zafi ke haura digiri 40 a inuwa, ba abin mamaki ba ne ya mutu. Na Mercedes soso ne, idan ya tsufa yakan zama kamar gari, da an taɓa sai ya zube bisa inji. Na Toyota da maɓallan roba ake riƙe shi. Zafi na busar da su, kwararrabar hanya ta karya su ɗaya bayan ɗaya, bargo ya fara reto.

Reton kaɗai ba shi ne babban haɗari ba. Sabon bargo ba ya kama wuta da sauƙi, don haka aka yi shi. Amma tsohon inji yana tsattsafar mai ta bakin murfinsa, wani lokaci tiyon gazuwal na yoyo, yaron mota ya ƙara mai ya zubar da rabi. Bargo yana shan duk wannan shekara da shekaru, ƙurar hunturu ta hau kai, har ya koma lagwani. Ruwan radiyato yana aiki ne wajen digiri 90, wannan ba ya kunna komi. Bakin bututun hayaƙi kuwa, inda ya fito daga inji, yana wuce digiri 500 idan mota ta ɗauki kaya tana gudu. Man inji ba ya buƙatar ashana a irin wannan zafi. Ke nan lagwani na sama, garwashi na ƙasa, abin da ya raba su maɓallin roba biyu ne ko uku.

Akwai kuma ɓeraye. Motar da ke jigilar hatsi, wake ko gyaɗa, ta kwana kusa da sito, ɓera zai same ta. Yana yagar bargon ya yi sheƙa a wuri mai ɗumi, yana gaigayar wayoyin lantarki da ke kusa. Waya biyu da aka feɗe suka haɗu cikin tarin ulu, wuta ce, ko da mota a tsaye take cikin dare.

Abin da ya fi ba mu tsoro shi ne irin gyaran da ake yi. Mun ga kapo da aka liƙa wa soson katifa, mun ga kwali, mun ga buhun algarara an ɗaure da waya. Niyyar mai kyau ce, ana son a rage ƙara da kuɗi kaɗan. Amma soson katifa yana ci da wuta kamar an zuba masa kananzir, yana narkewa yana ɗiga, hayaƙinsa kuma guba ne mai sumar da mutum kafin wutar ta iso gare shi. Wanda ya sa shi ya fi wanda bai sa komi ba shiga haɗari. A ganinmu, idan ba a da halin sayen na ƙwarai, gara a cire tsohon baki ɗaya a bar ƙarfe tsirara. Motoci da yawa haka suke fitowa daga kamfani, babu bargo a kapo. Abin da za a rasa shi ne shiru, fenti kuma ya dushe da wuri. Sai dai kada a haɗa da farantin ƙarfen nan da ke rufe bakin bututun hayaƙi, wanda wasu ke jefarwa don yana kwaramniya. Shi a ɗaure shi, ba a cire shi.

Hiace tata ta bambanta, tunda mutane bisa inji suke zaune. Idan babu bargo ƙarƙashin kujera, direba da na kusa da shi suna gasuwa, kuma ƙara na cika mota. Tsakanin Yamai da Maraɗi fiye da kilomita 600 ne, wuni guda cikin ruri yana gajiyar da direba, ya hana shi jin ƙaramin sautin da ke faɗa masa wani abu ya saki. A nan maye gurbinsa ya zama dole, tare da robar da ke kewaye bakin murfin. Idan robar nan ta mutu, hayaƙi na shigowa ciki; ciwon kai da gyangyaɗin da ake ɗora wa rana, wani sa'in daga nan suke.

Shi aikin canjin bai kai wuni ba. Mai gareji zai bari inji ya huce, ya cire kan batir na ragi, ya shimfiɗa tampol bisa inji don ɓarɓashi kada ya faɗa cikin matatar iska ko bisa bel. A yi ƙoƙari a cire tsohon bai yage ba, don da shi za a auna sabon. A sa safar hannu a rufe hanci, zaren gilashi yana da ƙaiƙayi. Daga nan a wanke ƙarfen da ruwa da sabulu, ba da esansi ba kamar yadda aka saba, a bari ya bushe sarai. Kafin a manna komi sai an toshe yoyon mai. In ba haka ba, cikin wata shida sabon zai koma irin tsohon. Idan sabon mai alminiyom ne, gefen mai walƙiya shi ke kallon inji. Maɓallai a sa sababbi duka, kuɗinsu kaɗan ne. Inda kuma da gam aka manna, akwai gam na zafi. Irin na masu gyaran takalmi yana saki da zarar kapo ya gasu. A ƙarshe a rufe kapo a tabbata bargo bai taɓa inji ko fanka ba, bai danne tiyon ruwan gilashi ba, sannan a sake dubawa bayan tafiyar farko.

Wanda zai saya wajen masu kayan tsoffin motoci, a Katako ne ko a wani gari, ya matsa shi da yatsa ya sansana. Idan ya ruɓe ƙarƙashin yatsa, ko yana warin mai, a bar musu abinsu.

Dalilin da ya sa muka kawo wannan zance shafin ƴan kasuwa shi ne asirans. Takardar dole da jandarma ke tambaya bisa hanya tana biyan ɓarnar da mota ta yi wa wasu. Ba ta biyan motar mai ita idan ta ƙone, ba ta biyan hajar da aka ɗauko. Wannan sai an yi wata yarjejeniya dabam, kuma kaɗan ne ke yin ta. Matar da ta kwashi kuɗin adashi ta saro albasa a Galmi, ko ta karɓi turame bashi da alkawalin biya bayan salla, idan mota ta ƙone bashin na nan bisa wuyanta.

Don haka mai mota ya riƙa cewa a buɗe masa kapo ya gani da idonsa, kada ya tsaya ga lissafin kuɗin mako kawai. Fasinja ma na da ido: a tasha, lokacin da yaro ke ƙara ruwa, ana ganin bargon da ke reto ko yake sheƙi da mai. In an ji ƙauri bisa hanya a yi magana. Idan hayaƙi ya riga ya fito, a kashe inji, a fitar da mutane kafin kaya, kada a wangale kapo domin iska ce wuta ke jira; a ɗaga kaɗan a fesa tulun kashe wuta ta kafar, ko a yi amfani da rairayi. Ruwa bisa mai yana yaɗa wutar. Lambar ƴan kwana-kwana 18 ce, amma tsakanin Gazawa da Tasawa ba nan kusa suke ba.

Mun isa Damagaram bayan magariba ranar nan. Direba ya ƙi karɓar kuɗin kayan Hajiya, ya kuma roƙe ta ta jira shi idan za ta koma.