YADDA MUKA GANO INDA VESPAR BABA KE YOYON MAI

A zauren gidanmu akwai wata tsohuwar Vespa da kakana ya saya a 1981, mahaifina ya gada, har yau kuwa ita ke kai shi wurin aiki. Wannan irin babur kamfanin Piaggio na ƙasar Italiya ne ya fara ƙera shi a 1946, tamu kuwa samfurin PX ce, wadda aka fito da ita a 1977. A hutun da ya wuce ta soma barin ɗigon baƙin mai a inda take kwana. Ba wanda ya kula sai Inna, da yake ita ke fama da shara. Ran nan Baba ya taka birkin baya a bakin kasuwa, babur ya ƙi tsayawa, saura ƙiris ya auka wa mai kura. Wani makaniki ya leƙa ƙarƙashinta kawai ya ce sai an farke injin duka, ya yanka kuɗin da ya kusa cinye albashin Baba. Sai muka tura ta wurin wani dattijo da ya daɗe yana gyaran irinta, ni kuma aka bar ni ina miƙa masa sufana. Abin da na koya a kwana biyun nan shi nake so in gaya wa 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu.

Da farko ya kamata a san cewa mai iri biyu ne a jikin Vespa. Na ɗaya shi ne wanda ake gaurayawa da fetur, kashi 2 cikin 100, watau mililita 20 a kowace lita ɗaya. Wannan tare da fetur yake ƙonewa, abin da bai ƙone ba ya fita ta salansa. Na biyu shi ne man giya, mai lamba SAE 30, wanda ke kwance a cikin akwatin giya yana jiƙa haƙoran giya da kuloci. Ba shi da yawa, mililita 250 ne kacal, watau rubu'in lita, saboda haka yoyo kaɗan ya isa ya ƙarar da shi. In an ga baƙin ɗigo mai danƙo kamar kwalta a bakin salansa, wannan ragowar na farko ne, ba yoyo ba ne. In kuwa ɗigon yana warin fetur, sai a duba kafireta da tiyon fetur.

Dattijon bai taɓa ko noti ɗaya ba a rana ta farko. Ya ba ni kananzir da buroshi ya ce, "Yaro, wanke min injin nan tas. Dattin shekara arba'in ba ya faɗin gaskiya." Dalilinsa shi ne mai ƙasa yake gangarowa, iska kuma tana kora shi baya in ana tafiya, don haka inda ya ɗiga ba lalle nan ya fito ba. Da injin ya bushe muka barbaɗa masa garin alli, Baba ya zaga da ita kamar minti 10, sa'an nan muka kafe ta bisa kwali ta kwana. Da safe duk inda mai ya bi ya bar layi a kan allin, sai mu bi layin zuwa sama har inda ya faro.

Ga wuraren da ya ce a riƙa dubawa, daga mai arha zuwa mai tsada. Na farko, notuna biyu na akwatin giya: na ƙasa wanda ake tsiyaye mai ta nan, da na gefe wanda aka rubuta OLIO a kansa, watau mai da Italiyanci. Kowanne yana da 'yar washa da ke lalacewa in an yi ta kwancewa ana ɗaurawa. A sake ta, amma kada a matse notin da ƙarfin tsiya, domin jikin injin alminiyam ne, zarensa yana saurin cinyewa. Na biyu, murfin kuloci da ɗan zoben roba na hannun kulocin. Na uku, gindin sandar da ake takawa a ta da inji, shi ma zoben roba ke tare mai a wurin. Na huɗu, ƙaramin akwatin da wayoyin giya ke shiga, wanda ke da gasket na takarda. Duk waɗannan, ban da zoben sandar, ana gyara su ba tare da an raba injin biyu ba.

Na biyar shi ne ya kusa jawo mana kuka. Vespa ba ta da sarƙa, ƙafar baya a kan sandar da ta fito daga akwatin giya take ɗaure. Robar da makanikai ke kira oyil sil ita kaɗai ce tsakanin man giya da birki. Da muka cire ƙafar sai muka tarar takalman birki sun jiƙe sharkaf. Dattijon ya ce wanda ya sha mai ba ya gyaruwa da wanki ko ƙonawa a wuta kamar yadda wasu ke yi, sai dai sabo.

Akwai kuma yoyon da ba ya ɗiga a ƙasa. Kiranshaf yana da oyil sil biyu. In na gefen kuloci ya mutu, injin zai riƙa zuƙar man giya yana ƙonawa: hayaƙi ya yi kauri, fulogi ya yi ta jiƙewa, man giya ya yi ta raguwa alhali zaure tsaf yake. In na gefen fanka ne, iska ke shiga, sai injin ya riƙa ƙara gudu da kansa yana zafi. Na gefen kulocin nan da gasket na tsakiyar inji su ne ke sa a farke inji. Namu lafiya lau suke.

Amma me ya kashe robar? Nan ne Baba ya yi shiru. Ashe ya saba kwantar da babur a gefe ya ɗura mai har ya ƙoshi, wai don kada ya ƙare masa a hanya. Ga shi kuma ƙura ta toshe 'yar kafar shaƙar iska da ke saman murfin kuloci. In inji ya yi zafi, iskar ciki ta kumbura ta rasa mafita, sai ta tura mai ta wurin da ya fi rauni. Ƙa'ida ita ce a kafe babur a miƙe bisa ƙasa mai daidai, a zuba mai ta kafar gefe, da ya soma dawowa a tsaya.

Abin da muka saya duka oyil sil ɗaya ne, da takalman birki, da washa biyu, da rubu'in lita na mai, aka kuma huda kafar da ta toshe. Kuɗin bai kai na gyaran da aka fara yanka mana ba ko kusa. Yanzu kowace Asabar ni ke shimfiɗa kwali a ƙarƙashinta in duba da safe, in kuma gwada birki kafin Baba ya fita. Roƙona ga iyayenmu masu irin wannan babur shi ne, in kun ga ɗigo kusa da ƙafar baya, kada ku hau sai an duba. Allah ya tsare mu a hanya, amin.