Yaushe Ɗalibin Injiniya Yake Barci?

Duk wanda yake da ɗa ko ƙane mai karatun injiniya a jami'a ya san halin da suke komowa gida da shi a ƙarshen kowane zango, wato yaro ya sauka daga mota a rame, idanu sun zurma, ya gai da iyaye a gurguje, sa'an nan ya shige ɗaki ya kama barci, in ba salla ko abinci ba babu mai fito da shi, har uwa ta soma zaton ko wani ciwo ne yake ɓoye mata. Wannan al'amari ne ya sa na ƙulla niyya na tafi wata jami'a ta ƙasarmu, daga cikin masu tsohuwar tsangayar injiniya, domin in gane wa idona abu guda tak, shin a wace sa'a ce ta dare ko ta rana waɗannan yara suke sa haƙarƙarinsu a ƙasa. Malaman tsangayar suka karɓe ni da mutunci, suka haɗa ni da wani ɗalibi na ajin ƙarshe ya zama jagorana.

Yinin ɗalibi yana somawa tun kafin ladan ya yi kiran assalatu, domin wanda ya makara zai tarar da layin bokiti ya miƙe a bakin famfo, ga na banɗaki kuma yana jiransa. In an idar da sallar asuba, mai 'yan kuɗi a aljihu ya tsaya wurin mai koko da ƙosai, marar shi ya kurɓi ruwa ya wuce, kowa na sauri ya riga wani kama kujerar gaba, saboda a manyan ɗakunan lacca na ajin farko da na biyu, inda ɗalibai kan taru da yawa ƙwarai, wanda ya zauna can baya motsin bakin malami kaɗai yake gani. Karatun nan shekara 5 ne cif ga wanda bai yi tuntuɓe ba. A ta farko lissafi ne da kimiyyar fiziks da ta kemistiri. A ta biyu kowa da kowa, ko mai nufin gini da hanyoyi, ko mai nufin lantarki, ko mai nufin injuna, sai ya ɗanɗani zanen injiniya, da ilmin ƙarfin kayan aiki, da na zafi, da na gudanar ruwa, da aikin hannu a maƙera. Daga nan ne kowane sashe yake jan nasa zuwa fanninsa.

Da safe alli da allo, da rana kuwa ɗakin gwaji, kuma a nan ne na fara fahimtar inda lokacinsu yake tafiya. Na tarar da wata ƙungiya ta ɗaliban sashen gini sun naɗe hannun riga suna kwaɓa kankare, awo 1 na siminti, 2 na yashi, 4 na tsakuwa, suna ɗurawa cikin wasu ƙananan akwatunan ƙarfe masu faɗin milimita 150 ta kowace fuska, suna dandaƙawa da sanda hawa-hawa don kada iska ta maƙale a ciki. Kashegari za a kwance akwatunan, a rubuta kwanan wata a jikin kowane dunƙule, a nutsar da shi cikin kwamin ruwa. Wasu a ciro su bayan kwana 7, wasu sai sun cika 28, sa'an nan a sa su ƙarƙashin injin matsa, a yi ta ƙara musu nauyi ana duban ma'auni, har su tsage. Adadin da allura ta tsaya a kansa shi ne shaidar ko wannan kwaɓi zai ɗauki bene ko kuwa zai rushe a kan mutane. Na ga wani yaro ya ɗauki ɓarin dunƙulen yana jujjuya shi a tafin hannu, yana nuna wa abokinsa inda tsakuwa ta rabu da siminti, su biyu suna musu a kan ko ruwa ne ya yi yawa. Aikin sa'a 3 ne a tsaye, amma wahalarsa tana gaba, domin kowane ɗalibi sai ya rubuta rahotonsa shi kaɗai, da manufa, da kayan aiki, da jadawalin sakamako, da zane, da bayanin dalilin da ya sa abin da aka samu ya saɓa wa abin da littafi ya faɗa, kuma kafin ya miƙa wannan, wani gwajin ya riske shi.

Bayan isha'i, lokacin da sauran unguwannin jami'ar suka ɗauki hira, sai na ga ana ta kwarara zuwa azuzuwa, kowa da jakarsa, wani da sallaya a kafaɗa, wani da rigar sanyi, wani da 'yar fitila mai caji saboda ko wuta ta ɗauke. Su kansu suna kiran wannan kwanan aji. 'Yan aji na biyu sun baje allunan zane, sun manne farar takarda ta kusurwa huɗu, suna jan layi da fensir mai tauri, siriri kamar gashi, wanda in hannu ya karkace da rabin milimita sai a goge a sake. Manyansu kuwa sun yi dafifi a bakin 'yan wuraren sa caji da ke jikin bango, kowa na jiran kwamfutarsa ta ɗan samu abin da za ta rayu da shi. A wani lungu wani ɗalibi ya tsaya gaban allo yana warware wa 'yan'uwansa wata mas'ala ta lissafi da ta gagare su da safe, ba don lada ta kuɗi ba, sai don shi ma bara haka wani ya yi masa. Na tambayi jagorana abin da suke ci, ya yi murmushi ya ce lissafinsa ma da lamba suke yi: mai hali yana kan 1-0-1, wato ya ci safe da dare, in wata ya yi nisa kuwa a koma 0-1-0, garau-garau sau ɗaya da rana, da dare a jiƙa gari da sukari.

Wajen ƙarfe 1 na dare muka fita shan iska, muka zauna a bencin mai shayi, a nan ne ya buɗe mini cikinsa. Ɗan manomin fadama ne, shi ne na fari a ɗakinsu, kuma shi ne mutum na farko daga zuriyarsu da ya taka ƙofar jami'a. Mahaifinsa albasa da tumatir yake nomawa da rani, da ɗan injin ban ruwa mai shan fetur, kuma tun da farashin mai ya tashi a 2023, rabin abin da gonar take bayarwa a cikin tankin injin yake ƙarewa. Saboda haka da aka ce kowa ya zaɓi aikin kammalawa, wanda ba a ba ɗalibi digiri sai ya yi shi ya kuma kare shi a gaban malamai, sai ya zaɓi haɗa famfon ban ruwa mai aiki da hasken rana, daidai ƙarfin ƙaramin manomi.

Na ce, "Samari, yi mini bayani yadda zan gane."

Ya ture kofin shayi gefe, ya ciro biro, ya juya bayan wata takarda. Ya ce, "Baba, abin ba wuya a kan takarda. In ana so a ɗaga ruwa lita 1 a kowace daƙiƙa zuwa tsawon mita 10, ƙarfin da ruwan kansa yake bukata bai wuce wat 98 ba. Amma famfo ba ya mayar da duk abin da aka ba shi, wani ya tafi a zafi, wani a gogayya cikin bututu. In rabi yake mayarwa, to, sai an ba shi wajen wat 200. Lita 1 a daƙiƙa kuwa lita 3,600 ke nan a sa'a. Ka ga faifan sola biyu masu kyau sun isa su shayar da 'yar gona irin ta babanmu, muddin rana tana sama."

Na ce, "To, me ya rage?"

Ya yi shiru jim kaɗan. Ya ce, "Kayan, Baba. Lissafi na gama shi tun zangon fari. Amma faifai, da famfo, da waya, da bututu, da ƙarfen da za a yi walda a ɗora su, duk daga aljihun ɗalibi suke fita. Mu huɗu muka haɗu muka yi karo-karo, duk da haka bai kai ba. Da na je gida ban faɗa wa kowa ba, amma Inna ta gane daga fuskata. Tana da tunkiya da ta yi shekara tana kiwo don auren ƙanwata, ranar kasuwa ta sa aka kai ta, ta ƙulle kuɗin a bakin zane ta ba ni, ta ce kada in gaya wa babanmu. Wallahi tun daga ranar, in na kwanta na rufe ido, tunkiyar nan nake gani. Shi ya sa ko na samu sarari barcin ba ya zuwa, gara in taso in zo aji."

Ban sami abin da zan ce masa nan take ba, sai addu'a. Daga bisani ya ƙara da cewa da rana, tsakanin lacca da lacca, yana gyaran wayoyin hannu da fitilu a ɗakin kwanansu, abin da ya samu ya ci abinci da shi, kuma famfon farko da suka saya tsoho ne da aka taɓa amfani da shi, ya ƙone a gwaji na biyu, sai da wani dattijo mai kula da maƙerar tsangayar ya zauna da su ranar Asabar, ranar hutunsa, suka warware naɗin wayar tagulla suka sake naɗawa da hannu. Da na sadu da dattijon nan washegari, cikin rigar aiki da ta sha baƙin mai, abin da ya ce mini kaɗan ne. Ya ce shekarunsa da yawa a wurin, kuma bai taɓa jin tsoron yaro marar ƙoƙari ba kamar yadda yake jin tsoron yaro mai gyangyaɗi a gaban injin da ke juya ƙarfe, don haka duk wanda ya ga idonsa ya yi ja, sai ya kore shi ya je ya kwanta, ko da zai yi fushi.

'Yan mata ba su da yawa a tsangayar, amma suna nan, kuma nauyinsu ya fi. Wata da na zanta da ita, matar aure ce mai goyo a sashen lantarki, daga cikin gari take zuwa. Ba ta da damar kwanan aji, sai ta sallami gida, yaro ya yi barci, sa'an nan ta buɗe littafi daga ƙarfe 11 zuwa abin da ya sawwaƙa. Ta ce mini, "Baba, ni dai a yi mini addu'a kada in bar kwas ko ɗaya a baya." Wannan ita ce fargabar kowa a wurin, domin darasin da aka faɗi yana biyo mutum zuwa shekara ta gaba, ya hau kan na sabuwar shekara, ya kuma ja makinsa ƙasa a ma'aunin da ƙololuwarsa 5 ce, wanda sai mai 4.50 ake kira mai daraja ta ɗaya.

Hutu ma ba hutu ba ne a gare su. A shekara ta huɗu ɗalibi yakan bar aji wata 6 ya tafi koyon aiki a masana'anta ko wurin gini, ƙarƙashin shirin SIWES wanda asusun horar da ma'aikata na ITF ya ƙirƙiro a 1973, yana cika littafin aiki kullum, sau da yawa a garin da ba shi da kowa. In ya gama digiri ga shekarar hidimar ƙasa, bayanta kuma sai ya yi shekaru yana aiki ƙarƙashin na gaba da shi kafin hukumar COREN, wadda aka kafa a 1970 don tsara sana'ar, ta yi masa rajista a matsayin cikakken injiniya. Amsar tambayar da ta kai ni kuwa, gwargwadon abin da na gani, ita ce mafi yawansu suna kwantawa ne tsakanin ƙarfe 2 na dare da asuba, wasu a kan benci da jaka a matsayin matashi, sai kuma ɗan abin da suka sata bayan sallar azahar.

A ganina ilmin da al'umma ba ta iya rayuwa sai da shi, kamar gina gada, da jawo ruwa, da kai haske asibiti, malamanmu na fiƙihu sun daɗe da sanya irinsa cikin farillan kifaya, wanda in wasu suka tsaya da shi sun ɗauke wa saura, in kowa ya bari kuwa laifin ya hau kan kowa. Yaran nan su ne suka tsaya mana, kuma bai kamata a ce tunkiyar uwa ce kaɗai take ɗaukar nauyin abin da jama'a duka za su amfana da shi ba. Ina roƙon attajiranmu da ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai, waɗanda Allah ya hore wa, masu neman inda za su ajiye waƙafi ko sadaka mai gudana, su je tsangayar injiniya mafi kusa da su a farkon shekarar karatu, su nemi jerin ayyukan 'yan ajin ƙarshe, su ɗauki kuɗin kayan ko da guda ɗaya ne. Ku kuma iyaye, in yaro ya dawo hutu ya kwanta, ku bar shi ya yi barcinsa kafin ku aike shi gona ko kasuwa.