Yaushe ake cire wa majinyaci na'urar numfashi?

Mu mazauna Kudu mun san yadda abin yake zuwa. Tirelar shanu ta kife a hanyar Ogbomosho, ko mota ta kaɗe ɗan acaɓa a Shagamu, an kai yaro asibiti an sa masa na'urar numfashi. Iyaye suna can gida, sai dai waya. Bayan kwana biyu likita ya ce a yanke shawara, kuma wanda ake tambaya galibi maigidansa ne na kara ko wani ɗan garinsu.

Ba duk wanda ba ya motsi ne halinsu ɗaya ba. Akwai mai doguwar suma, wanda kan iya farfaɗowa. Akwai wanda ƙwaƙwalwarsa ta mutu gaba ɗaya, har da sashen da ke sa numfashi. Shi wannan na'ura ce ke hura masa iska, zuciya kuma tana bugawa muddin iska na isa gare ta. Shi ya sa za ka taɓa shi ka ji ɗumi, ka ce wallahi da ransa. Kafin likitoci su tabbatar, sai sun duba cewa ba magani ko sanyin jiki ya danne shi ba. Sannan su haska ido, su zuba ruwan sanyi a kunne, su taɓa maƙogwaro, daga ƙarshe su janye na'urar na ɗan lokaci su ga ko zai ja numfashi da kansa.

Malamai sun zauna kan wannan tun ba a haife ni ba. A 1986 majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Amman, ta ce idan ƙwararrun likitoci sun tabbatar aikin ƙwaƙwalwa ya tsaya ba dawowa, mutum ya rasu, kuma ya halatta a cire na'ura. A 1987 majalisar fiƙihu ta Rabiɗa a Makka ita ma ta halatta cirewa idan likitoci uku sun tabbatar, amma ta ce ba a hukunta mutuwa sai zuciya da numfashi sun tsaya. Bambancin ba ƙarami ba ne, don daga nan ake fara lissafin takaba da gado.

Inda na fi jin tsoro shi ne mai suma da ake gaggawar fid da rai da shi. Wani Ba'amurke, Terry Wallis, ya yi hatsarin mota a 1984, bai sake magana ba sai 2003. Wani bincike da aka wallafa a 2024 ya gano cewa kusan ɗaya cikin huɗu na majinyatan da ba sa amsawa, ƙwaƙwalwarsu na bin umarni in an auna da na'ura. Ba wai duk za su tashi ba ne, a'a. Amma ƙungiyoyin likitoci a Amurka na ba da shawarar a jira aƙalla awa 72 bayan mummunan rauni a ka kafin a yanke hukunci.

A nan kuwa, mu faɗi gaskiya, kuɗi ne ke yanke shawarar. Kullum ana biyan gado da iska, karo-karon 'yan kara ya ƙare, sai a ce a sa hannu a tafi da shi gida. In aka kira ka, tambayi likita kai tsaye: ƙwaƙwalwar ta mutu ne ko suma ce? An yi gwajin? Likita nawa suka duba? Kada kuma wani ya sa hannu ya kashe na'ura da kansa, don sashe na 311 na dokar laifuka da ke aiki a jihohin Kudu ya ɗauki gaggauta mutuwar mara lafiya a matsayin kisa. A kira uban yaron ko wansa a waya, a samu mai fassara in ba sa jin Turanci, su ji daga bakin likita kafin kowa ya sa hannu a takarda.