Dasa haƙori rana ɗaya: a fara da maganin dasashi

Jama'ar Takieta da kewaye, da ƴan uwa mazauna Kano, Libiya ko Faransa, yau muna bayani kan dashen haƙori, musamman wanda ake yi a ranar da aka cire ruɓaɓɓen.

Dashen wata ƴar ƙusa ce ta ƙarfen titaniyom da likita ke ɗaurawa cikin ƙashin muƙamuƙi ta zama saiwa, sannan a ɗora sabon haƙori a kanta. Wani likita ɗan ƙasar Suwidin, Brånemark, shi ya fara yi wa mutum a 1965. Yadda aka saba, in an cire haƙori sai a bar ramin ya warke tukuna, a dasa ƙusar, a jira wata 3 zuwa 6 ƙashi ya kama ta. Dashen nan take yana rage jira da yawan zirga-zirga, shi ya sa mutanen karkara ke kwaɗayinsa.

To amma ga inda gizo ke saƙa. Ciwon dasashi, in ya yi nisa, ƙashin da ke riƙe haƙora yake ci. Kowa ya san ba a kafa rumbu kan ƙasa mai zaizayewa. Ƙwayoyin cutar da suka kada haƙorin farko suna iya komawa kan ƙusar, ta yi girgiɗi ta fita, kuɗi sun tafi, ƙashi ya ƙara raguwa.

Wannan ba ya nufin mai ciwon dasashi ba zai samu dashe ba. Sai dai a bi tsari: a kankare dauɗar da ta daskare a gindin haƙora, a jira jini da kumburi su tsaya, a ɗauki hoton ƙashi. Daga nan likita zai faɗa ko a dasa nan take ko a dakata. Mai ciwon suga sai ya daidaita shi, mai shan taba kuma ya daina.

In kana ganin jini a asuwaki, ko warin baki ya ƙi ƙarewa, ko haƙori na motsi, je likita a tura ka wajen masu haƙori a babban asibitin Damagaram, kilomita 50 ne ko kusa da haka.

Ku kuma masu aiko kuɗi daga waje, muna roƙo ku fara biyan na wankin haƙora da maganin dasashi. Dashe ya biyo baya. Allah ya ƙara mana lafiya.