Alƙur'anan Borno a Landan: Wa Za a Tambaya?

A watan azumi, wanda ya ratsa Limanti da sauran tsoffin unguwannin da ke kewaye da fadar Shehun Borno zai iya tarar da malami yana fassara aya da wani harshe da ko Babarbare sai ya yi karatu kafin ya gane. Tarjumo ke nan, harshen malamai, wanda ya samo asali daga tsohon harshen Kanembu.

A ƙarshen shekarun 1950 wani Bature mai suna David Bivar, ma'aikacin hukumar kayan tarihi, ya ɗauki hotunan wasu Alƙur'anai na rubutun hannun Borno. Tsakanin layukan ayoyin akwai ƙananan rubuce-rubucen ajami, sharhin malamai da tsohon Kanembu. Ɗaya daga cikin littattafan na ɗauke da shekarar 1669. Hotunan sun ƙare a makarantar SOAS ta Landan, inda Dmitry Bondarev ya duƙufa a kansu daga 2005, tare da Abba Isa Tijani na Jami'ar Maiduguri. Sun koma wurin malaman Borno, domin masu Tarjumo su taimaka wajen warware abin da ke rubuce. Yau dubban shafuka suna kan intanet.

Aiki ne mai kyau. Duk wanda ya ga ambaliyar dam ɗin Alau ta Satumban 2024, wadda ta shiga har fadar Shehu, ya san takarda ba ta da tabbas.

Sai dai adanawa daban, buɗe wa kowa daban. A wurin malami, littafin kakansa amana ce. Ba a taɓa Alƙur'ani sai da alwala, wani ilimin kuma, musamman na asiri da addu'o'i, sai da izinin malami ake ba da shi. Shin wanda ya yarda a ɗauki hoto sama da shekara sittin baya, ya yarda a baza shi ga duniya? Bai san intanet ba. Jikokinsa na nan, kuma su ya kamata a zauna da su, a zaure, da harshen Kanuri.

Wasu sun riga sun gwada irin haka. A Ostireliya, al'ummar Warumungu da Kimberly Christen sun ƙirƙiro manhajar Mukurtu a 2007, inda mutanen da kansu ke tsara abin da kowa zai gani da wanda sai dangi ko dattawa.

Borno na da masu yin wannan hukunci: majalisar Shehu, limamai, gidajen da suka gaji littattafan. Akwai kuma almajirin Limanti, wanda bayanin shafukan ke zo masa da Turanci, ga tsadar data. Buga kwafi a kai wa tsangayu da gidajen da littattafan suka fito ba zai ci kuɗi mai yawa ba.