Cajar batirin kyamara: Ta kamfani ko ta kasuwa, wacce ta dace da mai ɗaukar hoto a Tambuwal da Kebbe?

A wurin ɗaurin aure mai ɗaukar hoto ba shi da damar cewa a maimaita. Idan kyamararsa ta mutu ana tsaka da shafa fatiha, ko a lokacin da ake kai amarya, hoton ya wuce ke nan, kuma da wuya gidan su sake nemansa. Galibi akan ɗora laifin a kan batir, alhali sau da yawa cajar da ya kwana a cikinta ce ta jawo.

Matsalar ta fi nauyi a garuruwa irin su Tambuwal da Kebbe da ke kudancin Jihar Sakkwato, inda masu hoto ke bin bukukuwan aure da suna da walimar sauka da tarukan siyasa daga Dogon Daji zuwa Sanyinna, daga Jabo zuwa Kuchi. Haka ma jami'an yaɗa labarai na ƙananan hukumomi da ke riƙe da kyamarar ofis. Idan caja ta ɓace ko ta ƙone, tafiyar kimanin kilomita 100 ce daga Tambuwal zuwa birnin Sakkwato, ko kuma a ba da sautu daga Kano ko Legas. Saboda haka zaɓin da aka yi tun farko shi za a daɗe ana zaune da shi.

Caja iri uku ce

Masu saye kan raba caja gida biyu, ta asali da ta kasuwa. A haƙiƙa iri uku ce. Ta farko ita ce wadda kamfanin kyamarar ya ƙera da kansa, kamar LC-E6 ta Canon da ke cajin batir LP-E6, da MH-25 ta Nikon da ke cajin EN-EL15, da BC-QZ1 ta Sony da ke cajin NP-FZ100.

Ta biyu ita ce ta wasu kamfanoni masu zaman kansu da ke ƙera caja da sunansu a fili, irin su Nitecore da Neewer da Hähnel. Ba su ɓoye cewa ba Canon ko Nikon ba ne, kuma farashinsu ya fi sauƙi.

Ta uku ita ce jabu: wadda aka manna wa sunan babban kamfani alhali ba shi ya yi ta ba, da 'yar uwarta da ba ta ɗauke da sunan kowa. Babban haɗarin yana nan, domin babu wanda zai amsa laifi idan ta yi ɓarna, kuma mai saye na iya biyan kuɗin ta asali ya tafi gida da ta bogi.

Aikin da caja ke yi

Batiran kyamarorin zamani na sinadarin litiyom ne, wanda kamfanin Sony ya fara fitarwa kasuwa a 1991. Yawancin batiran manyan kyamarori ƙwaya biyu ne a haɗe cikin kwanso ɗaya. Kowace ƙwaya iyakarta bolt 4.2, ma'aunin da ake rubutawa da harafin V a jikin kaya, shi ya sa ake ganin 8.4V a bayan LC-E6 da MH-25.

Caja mai kyau takan fara tura wuta daidai gwargwado har batir ya kai wannan iyaka, sannan ta riƙa ragewa a hankali, daga bisani ta yanke. Idan ta zarce iyaka, batir kan yi zafi, ya kumbura, ƙarfinsa ya ragu, a wasu lokuta ma ya kama da wuta. Batirin da ya kumbura na iya maƙalewa a cikin kyamara har sai an kai ta wurin gyara. Idan kuma ta yanke da wuri, fitilarta za ta nuna ya cika alhali bai cika ba, sai mai hoto ya ga ya mutu a tsakiyar aiki.

Wannan na'urar lura da yankewa ita ce abin da masu ƙera jabu ke tsuke hannu a kai, domin mai saye ba ya ganinta daga waje. Ko manyan kamfanoni ba sa wasa da litiyom: a 2016 Samsung ya janye wayarsa Galaxy Note 7 daga kasuwannin duniya saboda batiranta na kamawa da wuta.

Zafi da wutar lantarki

Yanayin yankin yana ƙara wa lamarin nauyi ta fuska biyu. Ta farko ita ce zafi. Littattafan jagora na Nikon sun ce a yi caji a cikin ɗaki mai zafin digiri 5 zuwa 35 a ma'aunin Salshiyos, yayin da cajar Canon ke aiki tsakanin digiri 5 zuwa 40. A Sakkwato kuwa zafin watannin Maris zuwa Mayu kan haura digiri 40. Ke nan ko da ta asali ce, bai kamata a yi caji da tsakar rana a shago mai rufin kwano ko a cikin mota ba. Dare ko sanyin safiya ya fi, kuma batirin da aka ciro daga kyamara da zafinsa a bar shi ya huce tukuna.

Ta biyu ita ce wuta. Kamfanin Kaduna Electric ne ke raba lantarki a jihohin Kaduna da Kebbi da Sakkwato da Zamfara, kuma ma'aunin wutar gida a Najeriya bolt 230 ne. Sai dai da yawa daga masu hoto da ƙaramin janareta ko shagon caji suka dogara, kuma wutar ƙaramin janareta kan yi sama da ƙasa. Cajar asali an gina ta ne ta karɓi bolt 100 zuwa 240, amma duk da haka hawan wuta na farat ɗaya na iya ƙona ta. Hikimar ita ce a bari janareta ya daidaita kafin a jona, a kuma cire kafin a kashe shi.

Inda ta kamfanoni masu zaman kansu ta yi zarra

Tsofaffin cajojin asali irin su LC-E6 da MH-25 sai da soket. Da yawa daga na kamfanoni masu zaman kansu kuwa da USB suke aiki, don haka ana iya jona su da fawa bank ko sola. Ga mai hoton da zai kwana biyu a ƙauyen da babu lantarki, wannan ba ƙaramin amfani ba ne. Fawa bank na gaskiya mai 20,000mAh na iya cika batir irin LP-E6N kusan sau huɗu.

Amma akwai lissafi. LC-E6 na ba batir ɗaya kusan wat 10, kuma takan cika shi cikin kimanin awa biyu da rabi. Caja mai gurbi biyu da aka jona da kan USB mai 5V da 2A ita ma wat 10 take samu, sai dai batir biyu ne za su raba, don haka lokacin kan kusa ninkawa. Haka kuma wasu batiran da ba na asali ba, musamman masu kwaikwayon LP-E17 na Canon, ba sa karɓar caji a cajar asali, sai a tasu.

Akwai kuma batun garanti. Canon da Nikon sun rubuta a littattafansu cewa ɓarnar da kayan wani kamfani suka jawo na iya fitar da kyamara daga garanti. Ma'aikacin da ke sayo wa ofis kaya ya kamata ya san da wannan kafin ya rubuta takardar neman kuɗi.

Abin dubawa kafin a biya

Mai saye ya tafi da batirinsa, ya tabbatar lambarsa na rubuce a jikin cajar ko kwalinta, kuma ƙarfin wutar da take fitarwa ya dace da shi. Ya duba sunan kamfani da adireshinsa da tsabtar rubutu. Idan an ce ta asali ce amma farashinta ya yi ƙasa ƙwarai, to abin zargi ne, domin araha ba ta ado. Ya jarraba ta a shagon: ɗumi kaɗan ba laifi ba ne, amma zafin da hannu ba zai jure ba, ko ƙauri, ko ƙara, alama ce ta a ajiye ta. Ya kuma karɓi rasit mai sunan kayan.

Su ma 'yan kasuwa suna da nasu nauyin. Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta Ƙasa, SON, na da tsarin SONCAP na tantance kayan da ake shigowa da su, kuma dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda Hukumar FCCPC ke aiwatarwa, ta hana yaudarar mai saye game da asalin kaya. Dillalin da ya faɗa wa abokin cinikinsa gaskiyar abin da ke cikin kwali ya fi samun wanda zai dawo.

Ga wanda hoto ne abincinsa, tsari mafi aminci shi ne ya riƙe ta asali a gida ko shago don cajin yau da kullum, ya ƙara da ta USB daga sanannen kamfani don tafiya ƙauye. Wanda kuɗinsa bai kai na ta asali ba, ta kamfani mai suna a fili za ta wadatar da shi, muddin yana cire batir da zarar ya cika, ba ya barinsa a jone ya yi barci, kuma yana daina amfani da duk wanda ya fara kumbura. Wadda ba ta da suna da wadda ta ari sunan wani kuwa, gara a bar su a kan teburin mai shago, domin kyamarar da za su lalata ta ninka kuɗinsu sau da yawa.